Miyar da Ta Hana Rabe Mutuwa

Rabe bai zo Makka don ya zauna ba, mutuwa ya zo yi. Haka ya faɗa wa mutanen Gaya ranar da ya sayar da gonarsa, haka ya yi ta faɗa a hanya daga Barno har bakin teku, haka kuma ya faɗa mini ranar da shi da matarsa Ummulkhairi suka kama rumfar da ke jikin tawa a unguwar Tandabawi. Ya ce kada in wahalar da kaina wajen riƙe sunansa, maƙwabtakar ba mai tsawo ba ce. Lokacin ina goye da ɗana na fari. Sa'ad da abin da zan ba ku labari ya faru, ɗan nan nawa ya yi gemu yana tallan ruwa a unguwar Jarwal, Rabe kuwa yana nan da ransa, har da 'yar ƙiba a wuya.

Ni sunana Asiya, gyaɗa nake soyawa in sayar a bakin hanya. Abin da ya raba ɗakina da nasu gwangwanayen kananzir ne da aka fasa aka miƙar aka kafa a jikin itace, saboda haka babu tarin da Rabe ya yi a garin nan da bai shiga kunnena ba.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Likkafaninsa tun daga gida ya taho da shi, farin saƙi, ya wanke shi da Zamzam ya naɗe a ƙarƙashin matashi. Asu ya cinye. Ya sayi wani, ɓera ya haihu a ciki. Wanda ya biyo baya maƙwabta suka ara aka rufe wani mutumin Damagaram da ya iso da safe ya cika da la'asar, Rabe ya daɗe ba ya gaisawa da dangin mamacin, wai wannan shiga gaban manya ne. Larabci kuwa ya ƙi koyo in ban da na salla da amsoshin tambayar kabari, ya ce su kaɗai zai buƙata. Mai gurasar tamis zai tambaye shi guda nawa yake so, shi kuma ya amsa masa da cewa addininsa Musulunci ne. Mai gurasar ya saba, yana jin haka sai ya miƙo masa biyu.

Makka ba ta san kaka ba. Ba a shuka, ba a girbi, dutse ne yau dutse ne gobe. Amma akwai lokacin da zafi ke sassautawa, iska ta fara gangarowa daga tsaunukan Ɗa'ifa, 'yan gari su fito da mayafai suna karkarwa kamar wani abin kirki ya faru. Mu da muka san sanyin gida dariya muke yi musu. Rabe ba ya dariya, don iskar nan tana taɓa shi ƙirjinsa ke kamawa, ya fara tari, fuskarsa ta washe don murna.

Sai ya sa a juya masa shimfiɗa ta dubi alƙibla, abin da ba shi da wuya a garin nan tunda ga ta can gangare. Ya aika a kira maƙwabta a yafi juna. Mu zo mu zauna, mu yafe masa, ya yafe mana, ya raba kayansa, carbi ga wane, takalmi ga wane. Ni buta nake samu. Ban taɓa kai ta ɗakina ba, a bakin ƙofarsu nake ajiyewa don na san gobe zai nema.

Ummulkhairi ba ta zama wajen yafiyar nan. Mace ce 'yar firit, marar yawan magana, wadda ta binne 'ya'yanta duka a hanyar zuwa, ba ta da kowa a duniya sai wannan tsoho mai taurin kai. Tana jin an aika kiran maƙwabta sai ta ɗauki kwando ta nufi halaga, kasuwar kayan miya inda raƙuman Ɗa'ifa ke sauke kaya. Ta bi kabewa ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa tana saurare, ta ɗauko wadda ta amsa mata daidai. Kafin la'asar ƙamshin miyar taushe ya cika lungu. Rabe zai ce ba ya ci, mai tafiya ba ya cika ciki. Can zai ce a ɗan ɗiga masa a harshe don kada ta ga ya raina wahalarta. Can kuma sai in ji ƙarar yatsa a gindin akushi. Gari na wayewa ga shi a ƙofar gida yana faɗa da masu jakuna, yana tambayar wanda ya ɗauke masa buta.

Kowa a unguwa ya san abin da ke tashin Rabe in ban da Rabe. Shi a ganinsa zunubi ne ya yi masa yawa, shi ya sa Ma'ala, maƙabartar da yake kwaɗayi, ta ƙi karɓarsa. Sai ya ƙara ɗawafi, ɗawafin ya ƙara masa ƙarfin ƙafa.

A shekarar da nake magana Turawa na can suna yaƙinsu, jiragen ruwa sun ɗauke ƙafa, alhazai ba su zo da yawa ba, kowa ya rasa abin yi sai maganar mutane. Iska ta gangaro, Rabe ya kwanta, muka taru. A cikinmu akwai Baraka mai tsire, mutumin kirki ne amma bakinsa ba shi da murfi. An miƙa masa carbi ke nan sai ya ture hannun.

"Baba Rabe, bar wahalar da mu haka," in ji shi. "Kai da kake da miyar Inna Ummulkhairi a gida? Wallahi muddin raƙuma na sauko da kabewa kai za ka binne mu duka, halas, shi ke nan."

Aka yi dariya. Rabe bai yi ba. Ya zuba wa rufin ɗaki ido, leɓɓansa na motsi, yana bin shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya iske akushi a ƙarshenta. Daidai nan Ummulkhairi ta sunkuyo ta shigo da kabewa a ka.

"Ashe ke ce," ya ce.

"Ni ce me, Maigida?"

"Na sayar da gonar ubana, na taka ƙasa har diddigena ya tsage, na iso. Duk shekara ana zuwa ɗaukata, ke kina bakin murhu kina korar mini baƙi da ludayi."

Ya yunƙura ya ɗaga yatsa ya nuna sashin Harami, ya ce wallahi, billahi, tallahi, kabewa ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba. Rantsuwa a wannan gari ba abin wasa ba ce, ga ɗakin Allah nan kusa yana ji. Baraka ya sulale ya fita ba sallama. Ummulkhairi ta sauke kabewarta, ta dube ta, ta dubi mijinta, ta ce, "To." Ta je ta hura wuta.

Da farko da hanci ta bi shi. Ta ɗauke murhun daga inda yake ta kai shi gefen da iska ke shigowa, ta zauna da mafici tana kora tururin miya ta kafar gwangwani kai tsaye zuwa kan shimfiɗarsa. Kullum tukunya guda, kullum ba ya ci, kullum a raba wa unguwa. Yara suka yi kumatu. Wata tsohuwa 'yar ƙasar Jawa da aka fid da rai da ita a bayan layinmu ta sha ludayi biyu ta tashi ta yi wanki, labarin ya kai wa Rabe ya ce to kun gani, hujja ke nan. Ya zaro audugar da ya tanada don gawarsa ya toshe hanci da ita, yana magana kamar mai mura. Lokacin yana cin sauran abinci, tuwon dawa da miyar kuka, wake da tamis, amma tarin bai sake shi ba, sai ƙara nutsewa yake cikin ƙirji.

Da hanci ya ƙi, sai ta ce in raka ta wurin Malam Abdulganiyyu mai karantar da yaran unguwa. Shi haifaffen Makka ne, iyayensa Kanawa, Hausarsa da Larabcinsa sun cakuɗe tun yana yaro ba su sake rabuwa ba. Ya saurare mu daga bayan labule, ya yi gyaran murya, ya tambayi ainihin kalmar da aka yi rantsuwa da ita. Muka ce kabewa.

"Ɗayyib. Ke kuma, ya Hajja, in kin je halaga me kike ce wa mai kaya ya ba ki?"

"Dubba," in ji ta, don haka 'yan gari ke kiranta.

"Shuf, magana ta ƙare. Mutum ya rantse a kan kabewa, ya'ani abin da ake shukawa a bayan gida a ƙasar Hausa. Wannan da kike saye dubba ce, a Ɗa'ifa aka haife ta, Balarabe ya shuka ta, ko kin kira ta kabewa ba za ta waiwayo ba. Rantsuwa ba ta tsallaka teku ta kama abin da ba ta sani ba."

Ni dai a raina na ce wannan fatawa ƙafarta ɗaya ce, amma mai neman ran miji ba ya duba ƙafar fatawa. Ummulkhairi ta ce, "Malam, ni dai ya ci." Ya ce zai zo da kansa.

Washegari da hantsi ta durƙusa gaban shimfiɗar da akushi a rufe, Malam na tsaye a bakin ƙofa, ni ina bayansa.

"Maigida, dubba na yi maka."

Rabe ya zare auduga daga hanci ɗaya. "Duba? Duba kika je yi mini? A Makka?" Ya tashi zaune zumbur, abin da bai yi ba tun da ya kwanta. "Wane la'anannen boka ne ya zana miki ƙasa a ƙofar ɗakin Allah? Kina so a zo a kama mu a tsallaka da mu teku in je in mutu a Sawakin kamar kaza?"

Da ƙyar Malam ya shawo kansa, ya bayyana masa cewa dubba daban, duba daban, ɗaya ana ci, ɗaya ana tuba. Ya ƙara da cewa ya zo a hadisi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son dubba, yana binta a gefen akushi. Rabe ya yi salati, jikinsa ya yi sanyi, ya ce a buɗe ya ga wannan abu mai albarka. Aka buɗe. Ya leƙa, ya zare ɗaya audugar, ya shaƙa. Na ga maƙoshinsa ya motsa.

"Malam," ya ce a hankali, "wannan ko rawanin Larabawa ka naɗa mata na san ta. A bayan ɗakin tsohuwata ta girma."

"Amma ya ammi, abin da Manzo ke so..."

"Ni ma ina sonta. Ai son ne ya ja mini."

Ya mayar da auduga ya kwanta ya ba mu baya. Malam Abdulganiyyu ya tsaya jim kaɗan, sannan ya karɓi akushin ya ce ba kyau a bar ni'ima ta huce, ya tafi da shi.

Daga nan Ummulkhairi ta koma ba shi a sace. Ta dafa kabewa ta tace ta zuba a kunu, Rabe ya ga kunun ya yi ja-ja ya ture. Ta kwaɓa a garin gurasa, ya gutsura ya shinshina ya ajiye. Ta ɗiga ruwanta a shayi. Har dabino ta tsaga ta cire ƙwallo ta cusa masa dafaffiya a ciki ta matse bakin, wallahi da idona na ga tana yi, da tsinke, kamar mai ɗinki. Ya gane, don bai ci karo da ƙwallo ba. Ranar ya ce tunda abin ya zama haka ba ya sake cin duk abin da ya bi ta hannunta, ko ta hannun wata mace a unguwar, don duk bakinmu ɗaya. Sai dabinon da Baraka zai sayo masa, don Baraka kunya ta sa ya zama ɗan aikensa. Shi ma sai ya tsaga kowanne da kansa ya ɗaga a hasken ƙofa ya duba, ya ci rabi ya ajiye rabi, ya kora da Zamzam.

A nan dariya ta ƙare mini. Shekara da shekaru mutuwar Rabe ita ce wasan unguwarmu, muna jiranta kamar yadda ake jiran salla, ba mu taɓa zaton za ta zo da gaske ba. Yanzu ƙibar wuyan ta zube, idanu suka faɗa, tarin da nake ji ta bango ya daina ƙara, ya koma wani ɗan kuka kamar na ƙyauren da ya rasa mai. Na ji tsoro, na kuma ji haushinsa har ina jin kamar in shiga in shaƙe shi in huta.

Malam ya dawo, wannan karon babu wasa a bakinsa. Ya ce wanda ya kashe kansa da yunwa ba Ma'ala ce za ta cece shi ba. Rabe ya nuna masa ƙwallayen dabino a gefen tabarma ya ce shi bai ƙi abinci ba, ga shaida, kabewa ya ƙi, kuma laifin wa ne in ta shiga ko'ina. Malam ya ce ya karya rantsuwar ya yi kaffara, Allah Mai gafara ne. Rabe ya ce ya sani, amma in ya karya sai ya warke, to ina amfanin.

Ummulkhairi ta daina hura wuta. Ina leƙawa in same ta zaune a bakin ƙofa ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zai sauko." Ta ce, "Ni na ɓata, Asiya. Da na bar shi da tuwonsa da yanzu yana ci." Ita ma ta rame, zanenta har zagaye biyu yake mata, na ɗauka damuwa ce.

Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, ina tsince gyaɗa, na ji wani abu ya faɗi a tsakar gidansu, ba da ƙarfi ba, kamar an yar da damin ƙirare. Na zagaya da gudu. Ummulkhairi ce kwance a gefen murhu, tsintsiya a hannunta. Abin da ya fi ba ni mamaki Rabe ne, wanda ko juyi sai an juya shi, ga shi ya rarrafo har bakin ƙofa yana kiran sunanta da muryar da ban san yana da ita ba.

Na ɗauke ta, ba ta fi nauyin yarinya ba, na kwantar da ita a inuwa na yayyafa mata ruwa. Ta buɗe ido. Na kawo kunu daga ɗakina, ta datse baki. Na kawo gurasa na jiƙa a shayi, ta kau da kai.

"Asiya," in ji Rabe yana haki, "yi mata miyar nan. Ita ce mai tashin mutane. Akwai kabewa ɗaya a bayan randa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kansa ba. "Baba, ba zan yi ba. Kai ka kwantar da ita, kai za ka tashe ta. Ga murhu nan, ga gawayi."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba ya ja gindi har gaban murhu. Na hura masa wuta, wannan kaɗai na yi, sai na koma na ɗora kan Ummulkhairi a cinyata. Ya jawo kabewa ya rungume ta ya rasa ta inda ake shiga.

"Ba haka ba," ta ce da 'yar siririyar murya, idonta a rufe. "Tsaga ta biyu tukuna. Kwashe 'ya'yan, kada ka zubar, a shanya. Fere bayan, kada ka tafi da tsoka."

Ya tafi da tsoka, har da ta yatsansa kaɗan. Ta ce ya ɗora ƙashin rago da ke rataye a ragaya, wanda Baraka ya kawo jiya don neman gafara, da albasa da ruwa, ya bari sai ya tafasa ya kwashe kumfa. Ta ce ya yanka kabewar manya-manya ya zuba, ita da kanta za ta narke, ba a matsa mata. Ya daka barkono da citta, yana daka ɗaya yana hutawa, taɓaryar ta fi ƙarfinsa sai da ya koma niƙa a dutse. Ya yi atishawa, audugar hancinsa ta yi tsalle ta faɗa wuta, bai ko waiwaye ta ba.

"Daddawa," ta ce. Daddawar batso ce ta 'ya'yan yakuwa, wadda matan da suka biyo ta Sudan ke yi, don ta kalwa ba ta isowa nan. "Kaɗan. Kamar kan yatsa."

Ya dubi yatsansa, babban ya zaɓa, ya jefa. Na buɗe baki zan yi magana, ta matse mini hannu.

Da kabewar ta yi laushi ta ce ya farfasa ta da bayan ludayi a jikin tukunya. Gyaɗa ni na bayar, niƙaƙƙiya, ta ce ya dama da ruwa kafin ya zuba, in ba haka ba za ta yi gudaji, kuma daga nan kada ya bar juyawa don gyaɗa ba ta da amana, kana kau da kai ta kama gindi. Ya kau da kai ya dube ta, ta kama. Busasshiyar yakuwa ta shiga a ƙarshe, da ɗan man shanu. Zufa ta jiƙa masa riga, amma tun da ya fara juyawar nan ban ji ya yi tari ba.

"Gishiri ya ji?" ya tambaya.

"Ɗanɗana."

Ya ɗaga ludayi har kusa da baki, sai ya tsaya. Ya dube ta ta gefen ido. "Kin so ki yi mini wayo ko a kwance." Ya miƙo mini ludayin. Na ce ni azumi nake, ranar kuwa Litinin ce, gaskiya na faɗa.

Haka ya zuba a akushi ba ɗanɗano, ya gutsuttsura tamis a ciki, ya ja jiki ya kawo gabanta. Miyar ta yi duhu, tana warin ƙauri, amma miyar taushe ce. Ya ɗebo a yatsu ya kai bakinta. Ta kau da kai kamar yadda ta yi wa kununa.

"Ummulkhairi, ci mana. Ni na dafa."

Ya sake kai yatsun bakinta, ta datse.

"Don Allah. Me kike so in yi? Duk kwanakin nan me kike ci da kika zama haka?"

"Abin da ka rage."

"Me na rage? Ni da ba na cin komai sai rabin..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya dubi ƙofar ɗaki, inda tabarmarsa take, inda yake ajiye rabin dabino kullum ya wayi gari babu, yana cewa ɓeraye ne.

"Tun ranar da aka kawo ni gidanku a Gaya," ta ce, "ka taɓa ganin na sa hannu a abinci kafin akushinka ya dawo? A hanya ma, ranar da muka sami gero tafi ɗaya, sai da ka ci. Ban iya ba, Maigida. Ba gardama nake maka ba. In na kai loma baki ba ka ci ba, ba ta wucewa."

Bai taɓa gani ba, don bai taɓa dubawa ba. Namiji ya ci ya ture akushi ya wanke hannu, ina ya san inda akushin ke zuwa. Ni kaina da nake mace, bango ɗaya da ita, ban lura ba, na ji kunya ta rufe ni.

Rabe ya daɗe riƙe da lomar nan, miya na bin hannunsa tana ɗiga a gwiwa. Ya ɗaga kai ya dubi sashin Harami, ba a ganin komai daga nan sai dutse da rufin gwangwani, amma ya daɗe yana dubawa. Leɓɓansa suka motsa, ban ji abin da ya faɗa ba, ba da mu yake ba. Sannan ya kai lomar bakinsa. Ya tauna, ya haɗiye, hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Babu gishiri," ya ce.

"Na sani. Tun daga nan na ji."

Ya tura mata akushin. Ta buɗe ido ɗaya ta leƙa ciki.

"Wannan ba ci ba ne. Ni ba yarinya ba ce."

Ya jawo ya ci, loma bayan loma, yana kuka yana ci, har ya kai rabi. Sai a nan ta ce in ɗaga ta. Na jingina ta a ƙirjina, ta miƙa hannu, hannun ya kasa kaiwa. Rabe ya matso ya ɗaga akushin da hannu biyu har ƙarƙashin haɓarta, ya riƙe mata shi a nan, ta yi bisimilla ta fara ci.